Man Injin Inna

Kaltum tana tsaye a tashar jirgin ƙasa ta West Hyattsville lokacin da saƙon muryar ƙanwarta Asma ya shigo. Safiya ce ta watan Agusta, amma tuni zafi ya sauko, irin zafin nan na Washington mai manna wa mutum riga a gadon baya. Ta kara wayar a kunne. Asma tana magana ƙasa-ƙasa, alamar ta fito tsakar gida ne don kada mahaifiyarsu ta ji. Ta ce man da ya rage a janareta ba zai kai su gobe ba, kuma Ilu ya hau babur tun da asuba, ya ce zai bi ta daji ya tsallaka Illela ya samo.

Jirgin ya zo, ya buɗe ƙofofi, ya rufe, ya tafi ya bar ta a tsaye.

Kaltum 'yar Birnin Konni ce ta Nijar. Ta daɗe tana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, kuma ita ce babba a ɗakinsu. Ilu ke bi mata, sai Asma. Mahaifiyarsu, wadda suke kira Inna, ta yi shekaru tana suyar ƙuli-ƙuli a gaban murhu, har hayaƙi ya cinye mata huhu. A bara ne Kaltum ta saya mata na'urar da ke tace iska ta ba mutum oksijin ta wani siririn tiyo da ake sawa a hanci. Mutanen gida suka sa mata suna injin Inna. Tun da ya zo, tsohuwar ta koma yin barci, har tana iya zama a tabarma ta yi faɗa da jikoki. Sai dai injin ba ya aiki sai da wuta.

Da sojoji suka yi juyin mulki, ƙasashen yankin suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba su. Duk mai janareta a Konni ya jawo shi waje. Man da garin ya saba sha kuwa, wanda ake jerawa a kwalabe a bakin hanya, yawancinsa daga Illela yake tsallakowa, garin da ke can ɗaya gefen iyaka, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Yanzu kwalaben sun ɓace. Layin gidajen mai ya yi tsawon da mutum zai wuni a ciki, kafin ya kai gaba a ce ya ƙare.

Ta kira lambar Ilu. A kashe. Ta sake kira, ta ji muryar matar nan ta kamfanin waya tana ba da haƙuri da Faransanci. Sai ta kira Asma, ta tambaye ta dalilin da ya sa ta bar shi ya tafi. Asma ta ce ita ma sai da ta tashi ta ga ba babur, ba jarkoki biyun da ke bayan ɗaki. Ya dai bar wa matarsa sallahu cewa kafin azahar zai dawo.

A jirgi na gaba ta samu wurin zama a gefen taga, ta kira Olive. Olive 'yar Bukuru ce ta Filato, ma'aikaciyar jinya, kuma a hawan da ke ƙasan na Kaltum take zaune. Ita ce ta zaɓo injin tun farko. Yanzun nan ta dawo daga aikin dare, muryarta duk barci, amma da ta ji batun sai ta wartsake. Ta tambayi lambar da ƙaramar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa ke nunawa, da yadda leɓen Mama yake, don haka take kiran Inna, da ko tana iya gama magana ba tare da ta tsaya ta ja numfashi ba. Kaltum ba ta san ko ɗaya ba. Olive ta ce ta turo mata lambar Asma, za ta yi magana da ita da kanta. Ta ce a zaunar da Mama a jingine, kada ta kwanta, kada ta taka ko zuwa banɗaki, kuma idan lambar ta yi kyau a riƙa kashe janareta na ɗan lokaci ana kunnawa, ko man ya ɗan ja.

"Ki je aikinki," in ji Olive. "Ba zan kwanta ba sai na ji ta."

A ofis ta tarar da Malam Mustafa, babban editansu, Bakano mai furfura a gemu, yana jiran ta da takardun shirin rana. Ita ce mai gabatar da shirin tattaunawa na ranar, wanda ake yi kai tsaye da tsakar ranar Washington, lokacin da rana ke shirin faɗuwa a gida. Batun shi ne ko takunkumin yana aiki, ko kuwa ya kamata a ƙara tsananta shi. Baƙo na farko wani ɗan ƙungiyar farar hula ne da zai shigo ta waya daga Yamai. Na biyu zai zo da kansa, Dakta Kabir, malamin kimiyyar siyasa da ke zaune a College Park. Mustafa ya ce mutumin ya rubuta wani sharhi da ake ta yawo da shi, inda ya ce a toshe duk wata kafar da mai ke bi ya shiga Nijar, har ta ɓarauniyar hanya.

Ya dube ta ta saman tabarau, ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya lau, zafi ne kawai. Ta san da ta faɗa masa, zai ba abokin aikinta Desmond shirin ya ce ta koma gida. Kuma ta san a gida ba abin da za ta yi sai kallon waya. Akwai kuma wani abin: Inna ba ta rasa shirinta. Tana da ƙaramar rediyo mai batir a gefen katifa. Idan ta ji wata murya dabam a yau, za ta gane an faɗa wa Kaltum, daga nan kuma za ta fara tambayar ina Ilu.

Ta zauna a teburinta tana shirya tambayoyi, wayar tana kife kusa da hannunta. Takan rubuta layi ɗaya, ta juya wayar, ta mayar. Azahar ta yi a Konni ta wuce. La'asar ma ta yi. Asma ta turo cewa ta gaya wa Inna wai Ilu yana layin gidan mai, kuma Anti Olive ta kira, sun kashe janareta sau biyu, amma a na biyun Inna ta fara haki, dole suka kunna da wuri. An yi ruwa jiya, in ji ta, hanyoyin daji duk taɓo ne, wataƙila shi ya tsayar da shi. Kaltum ta riƙe wannan wataƙilar da hannu biyu.

Dakta Kabir ya iso da wuri. Dogo ne siriri, da kaftani ruwan toka da jakar goyo irin ta ɗalibai. Ya gaishe ta cikin ladabi, ya ce ya daɗe yana sauraronta, har ya tambaye ta mutanen gida. Ta ce suna lafiya. Daga harshensa ta ji Basakkwace ne. Ta so a ce ya zo da girman kai, da ya fi mata sauƙi.

Aka kunna jar fitila. Ta yi sallama, ta gabatar da batu da muryar da ta saba, ta miƙa wa baƙon Yamai. Mutumin ya fara bayanin yadda farashin shinkafa ya tashi, ana tsaka da haka layin ya yi ƙara ya yanke. Ta cikin gilashi ta ga Desmond yana ta danna waya yana girgiza kai. Ba a sake samun sa ba. Ya rage daga ita sai Dakta Kabir, da kusan rabin sa'a a gabansu.

Ya yi magana a natse. Ya ce takunkumin da ake yi rabi-rabi shi ne ya fi cutar da talaka, domin yana daɗewa ba tare da ya kai ga waɗanda aka yi domin su ba. Ya ce motar soja ba ta tafiya da ruwa. Matatar man cikin gida ba za ta ɗauki nauyin ƙasa duka ba idan kowa ya koma kan janareta, don haka idan aka toshe man da ke shiga ta kan iyaka, har na 'yan babura, cikin ɗan lokaci masu mulki za su nemi a zauna. Wahala ce mai tsanani, in ji shi, amma gajeriya.

Kaltum tana jin wayarta a aljihun jaka, a jingine da ƙafarta. Ta kashe mata ƙara, amma ta ji ta yi motsi sau ɗaya, ta sake yi. Ta dubi takardar tambayoyinta, layukan suka ƙi tsayawa wuri ɗaya.

"Dakta," ta ce, "a garuruwan kan iyaka akwai marasa lafiya da numfashinsu ya dogara da janareta. Akwai masu haihuwa, akwai magungunan da sai a firji. Idan man ya yanke, su wa za su fara ji, su ko masu motocin soja?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Su za su fara ji," ya ce. "Ba zan yi wa masu sauraro ƙarya ba. Ya kamata a ware asibitoci, kuma na san ko an ware a takarda, ba lallai ya kai ƙasa ba. Amma ni na girma a ƙarƙashin mulkin soja. An ɗauke yayana daga makaranta ina yaro, sai bayan shekara biyu muka sake ganin sa, kuma bai ƙara zama daidai ba. Idan aka bar wannan ya zauna, waɗanda za su mutu a hankali sun fi yawa, sai dai ba wanda zai kawo labarinsu."

Ta ce ta ji. Ta tambaye shi tsawon lokacin da yake kira gajere, ya ce ba wanda zai iya yanke rana. Ta karanta saƙonnin masu sauraro, wasu suna zaginsa, wasu suna sa masa albarka. Ta rufe shirin daidai kan lokaci. Mustafa ya ɗaga mata babban yatsa ta cikin gilashi.

A barandar da ke wajen ɗakin shiri ta fito da wayar. Saƙo uku ne daga Asma. Wani maƙwabcinsu da suka tafi tare da Ilu ya dawo a ƙafa, jikinsa duk ƙaya. Ya ce sun sayi man, suna kan hanyar dawowa ta cikin gonaki sai suka yi kiciɓis da masu sintirin kan iyaka ta ɓangaren Najeriya. An yi harbi sama, kowa ya watse. Shi ya yar da baburinsa ya shiga gero. Ya ga baburin Ilu ya faɗi a taɓo, amma bai tsaya ya ga ko ya tashi ba. Saƙo na ƙarshe gajere ne: janareta ya fara tari.

Ba ta san ta zauna a ƙasa ba sai da ta ga takalman mutum a gabanta. Dakta Kabir ne, ya fito neman hanyar lif. Ya tambaye ta abin da ya faru. Ta yi niyyar cewa ba komai, amma bakinta ya ƙi. Ta miƙa masa wayar, ta danna masa saƙon, ya saurara har ƙarshe. Da ya gama bai dube ta ba. Ya tambayi cikakken sunan Ilu, da kamanninsa, da irin rigar da ya sa in an sani. Ya ce shi ɗan Gwadabawa ne, kuma ɗan baffansa Kamal yana da shagon kayan gini a Illela, ba wanda bai sani ba a garin.

Ya koma gefen taga ya yi kira. Ta ji harshensa ya sauya gaba ɗaya, ya koma Sakkwatanci zalla, yana cewa yaron ƙanen wata 'yar'uwa ne, a duba ofishin masu sintiri, a duba asibiti kuma. Da ya dawo ya ce Kamal ya rufe shago ya fita, amma magariba ta yi a can, mai yiwuwa ba a samu labari da wuri ba. Suka karɓi lambar juna. Ya tsaya kamar zai ƙara wata magana, sai kuma ya ce Allah ya sa a ji alheri, ya tafi.

Mustafa da ya ji, ya yi mata faɗan da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba, ya ce ya za a yi ta shiga shiri da wannan a ƙirjinta ba ta gaya wa kowa ba. Ya sa Desmond ya kai ta gida a mota.

Ɗakin Olive ta wuce kai tsaye. Ta same ta a teburin cin abinci da rigar barci, ta jingina waya a jikin kwalbar ruwa, suna kallon juna da Asma. Janareta ya mutu. A fuskar wayar ba a ganin komai sai hasken tocila da ke rawa, da fuskar Inna a jingine da bango, matar Ilu tana yi mata fifita. Bakin tsohuwar a buɗe yake, kafaɗunta suna ɗagawa da kowane numfashi. Olive tana magana a hankali, tana cewa Mama ta ja iska ta hanci, ta fitar ta baki kamar mai hura koko. Ta sa Asma ta buɗe taga da ƙofa, ta fitar da yaran da suka cika ɗakin. Kowane ɗan lokaci takan ce a karanto mata lambar yatsa. Asma ta karanto, Olive ta ce to, ba tare da fuskarta ta nuna komai ba. Kaltum ta daɗe da sanin Olive, ta san wannan fuskar ta aiki ce.

Kaltum ta ja Olive gefe ta tambaye ta gaskiya. Olive ta ce lambar tana sauka, ba da gudu ba, amma tana sauka. Mama za ta iya jure sa'o'i, ba za ta ce kwana ba. Asibitin garin kuma Asma ta riga ta aika, sun ce su ma tukwanen oksijin ɗinsu na ɗakin tiyata ne kawai.

Inna ta hango ta a wayar. Ta ɗaga hannu da ƙyar.

"Kaltume," ta ce, tana tsayawa tsakanin kalmomi. "Ina Ilu? Kar ki yi mini ƙarya. Su sun yi."

Kaltum ta durƙusa a gaban teburin har fuskarta ta cika wayar.

"Ya tafi Illela neman esans na janareta, Inna. An tare su a hanya. Akwai mai neman shi yanzu haka, mutumin kirki. Da na ji, ke za ki fara ji."

Tsohuwar ta rufe ido. Leɓenta ya ci gaba da motsi, Kaltum ta gane addu'a take yi.

Ana cikin haka aka ji sallama a tsakar gida, hasken tocilar ya juya, hoton ya rikice. Sai ga Asma ta dawo. Ta ce maƙwabcin nan da ya tsere ne ya bi gida-gida a unguwa yana faɗin halin da ake ciki. Wani tela ya zo da kwalba ɗaya. Limamin masallacinsu ya turo baburinsa har ƙofar gida ya ce a zuƙe abin da ke tankin. 'Yan kabu-kabu biyu abokan Ilu su ma sun kawo nasu. Kaltum tana ji ana neman tiyo da mazurari, wani yana tofar da yawu yana tsaki saboda man ya shiga bakinsa. Aka ja igiyar janareta ta ƙi, aka sake ja ta ƙi. A ja na gaba ya kama. Ƙarar da ta saba ba ta haushi duk lokacin da suke waya, yau ta ji ta har cikin ƙashinta. Asma ta mayar wa Inna tiyon a hanci. Bayan ɗan lokaci ta karanto lamba, Olive ta sauke numfashi, ta miƙe ta ɗora ruwan shayi.

Abin da aka tara zai kai su gobe da rana, wataƙila yamma. Na Ilu kuwa shiru. Kaltum ta kira Dakta Kabir da yamma, ya ce Kamal ya je asibiti bai same shi ba, kuma wannan ma labari ne mai kyau. Ofishin masu sintiri sun ce sai da safe.

Washegari tana sallar asuba wayar ta yi ƙara. Ta sallame a gaggauce. Dakta Kabir ne. Ya ce an same shi. Yana cikin samarin da aka tsare, ya gurɗe a ƙafa lokacin da babur ya faɗi, ban da wannan lafiyarsa ƙalau. Kamal ya tsaya masa an sake shi, amma babur da jarkoki an riƙe, domin doka ce suka karya, ba yadda za a yi. Wani mai amalanke zai rage masa hanya zuwa kusa da iyaka, daga nan ya lallaɓa.

Ta yi ta godiya har ta rasa kalma. Ya ce ba komai, ai yi wa kai ne. Sannan ya ce tun jiya yake tunanin tambayar da ta yi masa. Ya ce bai sauya ra'ayi ba, ba zai yi mata daɗin baki ba, amma bai runtsa ba.

"Ni ma ban sauya nawa ba, Dakta," ta ce. "Ka gaida mini Alhaji Kamal. Ka ce masa Inna ta sa masa albarka."

Ilu ya iso gida da rana tsaka, yana dogara sanda. Da ta same shi a wayar Asma, duk faɗan da ta kwana tana shiryawa ya gudu. Ta tambaye shi ƙafar, ya ce da sauƙi. Bai yi maganar baburin ba, ita ma ba ta yi ba, ko da yake su biyun sun san da shi yake ciyar da gidansa. Abin da ya ce shi ne, da zarar ƙafar ta saki zai ari wani ya koma, yanzu ya gane hanyar da ba a tsarewa. Ta ce ba ta yarda ba, ta haɗa shi da Allah.

"To Yaya, ke za ki kawo man?" ya ce, ba da tsiwa ba. "Mutanen unguwa sun ba da na tankinsu jiya. Yau ba su da shi."

Ta ce ya ba ta zuwa yamma.

Ranar ba ta je aiki ba. Ita da Olive suka zauna da wayoyi biyu suna bin duk wanda suka sani. Mustafa ya tambayi wakilansu na yankin, Olive ta bi ta mutanen cocinsu da suka taɓa aikin jinya a Nijar. Ta nan aka samu labarin wani ƙaramin ɗakin shan magani a wani ƙauye da ke kan hanyar Tawa, wanda wata ƙungiya ta sa wa farantai masu amfani da hasken rana da manyan batura. Ba su da likita sai ma'aikacin jinya ɗaya, ba su da oksijin, amma suna da wuta. Mutumin ya ce in za su zo da injinsu, zai ba su kusurwa a ɗakin mata, da sharaɗin firjin rigakafi shi ne gaba idan wuta ta yi ƙasa.

Sauran man da ya rage a janareta aka zuba wa motar wani ɗan kasuwa. Tafiyar ba ta da nisa, amma dole a yi ta ba inji. Kaltum tana kan waya tun daga ƙofar gida. Tana jin kukan motar, da muryar Asma tana cewa saura kaɗan Inna, saura kaɗan, da wani sauti kamar ana jan zare a cikin ƙirji. Layin ya yanke a wani wuri da ba sabis. Ta zauna a bakin gadon Olive da wayar a cinya, ba ta iya ko tasbihi ba. Da wayar ta sake ƙara, abin da ta fara ji shi ne ƙaramin gurnanin injin, sannan Asma ta ce sun iso.

Inna ta zauna a can. Asma ke kwana da ita, Ilu yana zuwa a motar kasuwa idan ya samu, bai sake tsallaka iyaka ba. Kaltum ta koma aiki, tana karanta labarin taron shugabanni da aka ɗage, da wanda aka yi ba a cimma komai ba. Ma'aikacin jinyar ya gaya wa Asma cewa baturan sun tsufa, idan rana ta fito sosai suna kai wa safiya, idan aka wuni da hadari kuwa sai an yi dabara.

Damina ce, gero yana fitar da kai, duk ƙasar Konni ana roƙon ruwa. Kaltum 'yar manoma ce, tun tana yarinya ta san hadari abin murna ne. Yanzu kowace safiya, kafin ta sauko daga gado, sai ta buɗe hasashen yanayin ƙauyen a wayarta. Ranar Alhamis ta ga an zana gajimare a kan Juma'a da Asabar da Lahadi. Ta daɗe tana kallon su. Sannan ta kira Asma ta ce ta tambayi ma'aikacin jinyar, a cikin fitilu da fankar ɗakin, wanne za a iya kashewa tun yau.